Acinetobacter baumannii: Ƙwayar cutar da ke kama majinyata a gadon asibiti

Acinetobacter baumannii ƙwayar bakteriya ce da ba kasafai take cutar da mai ƙoshin lafiya ba. Ta fi kama waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar majinyatan sashen kulawa ta musamman, da waɗanda aka yi wa tiyata, da masu ƙuna, da jarirai bakwaini.

Tana shiga jiki ta bututun na'urar taimaka wa numfashi, ko robar fitsari, ko buɗaɗɗen rauni, sannan ta haddasa ciwon huhu ko ta bazu cikin jini. Takan rayu makonni a jikin ƙarfen gado da kayan aiki, daga nan hannun da ba a wanke ba ya kai ta gado na gaba.

Babban haɗarinta shi ne bijire wa magunguna, har da rukunin carbapenem da likitoci ke ajiyewa domin cututtuka masu tsanani. Idan waɗannan suka gaza, akan koma ga colistin, tsohon maganin da ke iya lahanta ƙoda. Wannan ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a sahun farko na ƙwayoyin da ke buƙatar sabbin magunguna cikin gaggawa.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma bisa la'akari da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi asarar rayuka.

Ana daƙile yaɗuwarta ta hanyar wanke hannu, da tsabtace kayan aiki, da killace wanda ya kamu, da yin gwaji kafin a zaɓi magani.