Tarihin Ƙwallon Yankinmu: Daga Kofin Gwamna Zuwa El-Kanemi Warriors



A yau idan aka shiga gidajen kallon ƙwallo na Hausari, Gwange ko Bulumkutu, za a tarar da matasanmu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifaniya kamar karatun allo. Amma da za a tambaye su wace ƙungiya ce ta fara kawo kofin ƙasa Arewa, kaɗan ne za su amsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwayi baya, mu ga yadda ƙwallon yankinmu ta taso, abin da ya kashe wasu ƙungiyoyin, da abin da ya rage a hannunmu.

A zamanin Turawa babu gasar lig ta ƙasa baki ɗaya. Kowane gari da nasa wasannin: ma'aikatan jirgin ƙasa, 'yan sanda, sojoji, makarantu da kamfanoni su ne ke karawa da juna. Gasar da ta fara haɗa ƙasar ita ce Kofin Gwamna, wanda aka soma a 1945, daga baya ya koma Kofin Ƙalubale. Da farko ƙungiyoyin Legas kaɗai ke buga shi, kuma ko da aka buɗe ƙofa ga sauran garuruwa, su ne dai suka ci gaba da ɗauka. Sai a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Dynamos ta Legas da ci biyu da ɗaya, kofin ya bar Legas a karon farko.

Mu a Maiduguri nisa ya daɗe yana yi mana tarnaƙi. Layin dogo bai iso mana ba sai 1964, kuma tafiya Legas ta fi kilomita 1,500. Saboda haka ƙwallonmu ta girma ne a cikin gida, tsakanin unguwanni, makarantu da ma'aikatu, musamman bayan 1967 da garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas.

A 1972 aka kafa lig ta ƙasa, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka, a shekarar da ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, wasan da Pele da kansa ya buga. Kaduna kuma tana da DIC Bees, wadda ta koma Ranchers Bees. Ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, sannan ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989.

To ina waɗannan ƙungiyoyi suke a yau? Raccah Rovers ta watse tun shekarun 1980. Mighty Jets da Ranchers Bees sun faɗo daga babban rukuni, suka shafe shekaru a ƙasa. A Kano sai da aka haɗa WRECA, Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru. Idan muka duba da kyau, kusan dukansu ciwonsu ɗaya ne. Ƙungiyar ta attajiri ce, ko ta kamfani, ko ta wata ma'aikata. Ranar da mai ita ya gaji ko kamfanin ya durƙushe, shi ke nan, magoya baya sai dai su yi tagumi domin ba su da ta cewa.

Tamu El-Kanemi Warriors an kafa ta a 1986, ta gwamnatin Jihar Borno ce, kuma ta ɗauki sunan Shehu Muhammad Al-Amin El-Kanemi. Cikin shekara biyar ta girgiza ƙasa. A 1991 ta doke Kano Pillars da ci uku da biyu a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, a 1992 ta sake riƙe shi bayan ta ci Stationery Stores ta Legas ɗaya mai ban haushi. Marigayi Shuaibu Amodu, wanda daga baya ya horar da Super Eagles, yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A 2001 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Dolphins ta Fatakwal ta yi nasara a kanta.

Sai kuma shekarun jarrabawa suka zo. Lokacin da tashin hankali ya yi ƙamari, dole ƙungiyar ta riƙa buga wasanninta na gida a Kano da Katsina, kafin ta dawo Maiduguri a 2016. Duk wanda ya ga yadda filin wasa ya cika bayan dawowarta ya san abin ya wuce batun tamaula kawai, alama ce ta cewa gari ya farfaɗo. A watan Yunin 2024, tana rukuni na biyu, ta doke Abia Warriors biyu da nema a Legas, ta dawo da kofin Borno bayan shekara 32, kuma a shekarar ta koma babban rukuni.

A nan ne misalin Jamus zai amfane mu, domin su ma daga gasar yankuna suka faro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta Yamma tana da manyan lig guda biyar da ake kira Oberliga: Arewa, Yamma, Kudu, Kudu Maso Yamma da birnin Berlin. Zakarun yankunan ne ke haɗuwa a ƙarshen kaka su fitar da zakaran ƙasa. Sai a 1963 aka kafa Bundesliga da ƙungiyoyi 16, kuma ko Bayern Munich ba ta samu shiga ba sai 1965. Da yawa daga cikin manyan da sun koma ƙasa. Rot-Weiss Essen, zakarar ƙasa a 1955, ta yi shekaru tana gasar yanki, amma ba ta mutu ba.

Dalilai biyu ne suka riƙe su. Na farko, ƙungiyoyin na mambobi ne masu biyan kuɗin rajista da zaɓen shugabanni, kuma tun 1998 akwai dokar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin, ban da 'yan ƙungiyoyi kaɗan da aka keɓe. Na biyu, ba su rushe tsanin ba. Har gobe akwai lig na yankuna biyar a mataki na huɗu, da wasu a ƙarƙashinsu har zuwa ƙauye, ta yadda ƙungiyar da ta faɗo tana da inda za ta tsaya.

Mu ma ba mu rasa tsani ba. Akwai kofin jiha wanda ke kai ƙungiya gasar ƙasa, akwai ƙananan rukunai da ake rabawa shiyya-shiyya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mallakar jama'a da adana tarihi. Ƙungiyar unguwa takan dogara da mutum ɗaya mai sayen riga da ƙwallo. Ambaliyar Alau ta Satumban 2024 kuwa ta tafi da hotuna da takardun gidaje masu yawa, dattawan da suka buga wasa a shekarun 1970 kuma suna ta raguwa.

Don haka muna roƙon 'yan uwa abu biyu. Duk mai tsohon hoto, katin ɗan wasa ko tikitin shiga fili, ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa, ko ya sa mana a ƙarƙashin wannan rubutu tare da shekara da sunan ƙungiya. Sannan a taronmu na gaba za mu tattauna yadda ƙungiyoyin unguwanninmu za su samu rajistar mambobi da ɗan kuɗin wata, ko da kaɗan ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Borno da Najeriya zaman lafiya, amin.

Sakatare