Yaƙin Bama (1942–1945)

Yaƙin Bama ɗaya ne daga cikin fagagen Yaƙin Duniya na Biyu. An gwabza shi a ƙasar Bama, wadda ake kira Myanma a yau, da kuma kan iyakarta da Indiya, daga farkon 1942 har zuwa Agustan 1945. Japan ce a gefe guda, ɗaya gefen kuma sojojin daular Birtaniya da na Sin da na Amurka. Suna dai na Birtaniya ne, amma yawancin waɗanda suka riƙe bindiga a ƙarƙashin tutarta Indiyawa ne da Gurka na Nepal da 'yan Afirka, ciki har da dubban 'yan Nijeriya.

Babban abin da ya kawo Japan shi ne hanyar mota da ta tashi daga Lashiyo ta shiga Kunmin, wadda ta nan ake kai wa Sin makamai. Ga kuma shinkafa da man fetur. A Janairun 1942 sojojinta suka kutso daga Tailan. Ranar 23 ga Fabrairu Turawa suka tarwatsa gadar kogin Sitan don tare abokan gaba, alhali yawancin Runduna ta 17 ta Indiya ba ta riga ta haye ba. Rangun ta faɗi ranar 8 ga Maris, kuma tun da ta tashar jirgin ruwanta komai ke shigowa, sauran ƙasar ba ta riƙu ba. Aka yi ta ja da baya kimanin kilomita 1,400, aka isa Indiya a watan Mayu damina na sauka. Dubban ɗaruruwan fararen hula, akasari Indiyawa mazauna Bama, suka bi sawu a ƙafa, dubun-dubata suka mutu a hanya. Rasa shinkafar Bama na cikin abubuwan da suka haddasa yunwar Bengal ta 1943.

Dabarar Japan guda ce, kuma ta daɗe tana ci. Sojan Birtaniya ya dogara da mota, mota kuwa sai da titi. Sai 'yan Japan su ratsa kurmi da ɗan guzuri, su ɓullo ta baya su datse titin, rundunar da aka yanke wa abinci da harsashi ta watsar da kayanta ta nemi hanyar tsira. Yunƙurin da aka yi a Arakan a ƙarshen 1942 don ƙwato tsibirin Akyab ma da kunya ya ƙare.

Al'amura sun soma sauyawa a Oktoban 1943, da aka haɗa mayaƙan fagen a babbar Runduna ta 14 aka damƙa wa Janar William Slim. Ya tarar cuta ta fi harsashi ɓarna: a wannan shekara, duk soja ɗaya da aka kwantar don rauni, sama da ɗari ne ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ko atini ko wani ciwon. Ya tilasta shan maganin zazzaɓi kullum, har ya tuɓe kwamandojin da suka yi sakaci. Abu na biyu shi ne jirgin sama. Orde Wingate, wanda ya kai mayaƙan sari-ka-noƙe da ake kira Cindit bayan layin Japan a Fabrairun 1943, ya yi hasarar kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa ba tare da ya ci wani abin kirki ba, amma ya nuna ana iya ciyar da soja a tsakiyar kurmi ta hanyar jefo masa kaya da laima. Slim ya ɗauki wannan ya mai da shi doka: duk wanda aka kewaye kada ya motsa, ya haƙa rami ya zauna, abinci zai zo daga sama. An gwada a Sinzweya da ke Arakan a Fabrairun 1944, inda aka yi wa Runduna ta 7 ta Indiya ƙawanya. Ta tsaya, masu ƙawanyar ne guzurinsu ya ƙare suka janye.

Wata guda bayan haka Janar Mutaguci Renya ya haye kogin Cindwin da mutum kimanin 85,000, ya nufi Imfal da Kohima a cikin ƙasar Indiya, tare da wasu mayaƙan Subhas Chandra Bose masu neman korar Turawa daga Indiya. Abincin kusan mako uku kawai suka ɗauko, da garken shanu, bisa lissafin cewa rumbunan Birtaniya za su ciyar da su. Wannan lissafi ne ya kashe su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. An kewaye Imfal, amma jirage ba su fasa sauka ba, har runduna sukutum, ta 5 ta Indiya, aka ɗauko ta sama daga Arakan. A Kohima, ƙaramin gari a kan dutse, mutum kimanin 2,500 suka tare wa runduna mai wajen 15,000 hanya daga 4 ga Afrilu har mako biyu kafin gudummawa ta iso. A gidan jami'in mulki na gundumar, faɗin filin wasan tanis ne kawai tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, ana jifan juna da gurneti. A ƙarshen Mayu Janar Sato, kwamandan Japan a Kohima, ya ga mutanensa na mutuwa da yunwa, ya bijire wa umurni ya janye, abin da ba a saba ji ba a sojan Japan. Ranar 22 ga Yuni aka buɗe titin Kohima zuwa Imfal. Japan ta yi hasarar sama da mutum 50,000 tsakanin matattu da raunanannu, da yawansu yunwa da cuta ne suka kayar da su a hanyar komawa cikin ruwan damina. Ba ta sake kai wani babban hari a wannan fage ba.

Sojojin Afirka ta Yamma runduna biyu ne, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gana (Gwalkwas a lokacin) da Saliyo da Gambiya. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana aiki da sojan Afirka, shi ya tsaya a kan a kai su. A Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi da yawa, wasu da son ransu, wasu ba haka ba, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya tun kafin yaƙin. Wasu daga cikinsu ba baƙin fama ba ne, domin birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga Italiya a Fabrairun 1941. Abin da ya bambanta rundunonin nan shi ne 'yan dako: dubban sojoji da aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci da sassan ƙananan igwa, ta inda mota ba ta bi, wani lokacin ko alfadari ba ya hawa. Da wuya a ji an ambace su, alhali ba don su ba rundunar ba ta taka ko'ina.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, bayan ta sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon fiye da kilomita ɗari cikin duwatsu da hannu. Ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar kacokan daga sama na tsawon watanni. Ta kai Kyauktaw, sannan a watan Maris Japan ta mayar da martani ta tura ta baya, abin da wasu manyan hafsoshi suka riƙa yi mata gori da shi, duk da cewa birged biyu kawai take da su. Na ukun, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya, an ba Wingate aro, su ne suka taya tsare sansanin da Cindit suka kafa a kan layin dogo a arewacin Bama, wanda Japan ta yi ta kai wa hari. Bayan damina ta 81 ta koma Kaladan, ta 82 kuma ta biyo kwarin Mayu ta kama Butidaun a Disamba. Rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaun, tsohuwar hedkwatar masarautar Arakan, a ƙarshen Janairun 1945. Ta 82 ta ci gaba da fama kudu, ta Dalet da An, har damina. Albashin sojojin Afirkan nan bai kama ƙafar na Bature mai muƙami ɗaya da su ba, kuma da yawa sai 1946 suka samu jirgin ruwan komawa gida.

Ƙarshen yaƙin ya zo da sauri. Slim ya yaudari Japan ta zaci Mandalay zai auka wa da dukan ƙarfinsa, sai ya haye kogin Irawadi ta kudu ya kama Meiktila, cibiyar kayan yaƙinta, a farkon Maris 1945. Mandalay ta faɗi ranar 20 ga wata. Ranar 27 Aung San, wanda ya shigo ƙasar tare da Japan a 1942 don neman 'yanci, ya juya mata baya da sojojinsa. Aka shiga Rangun ranar 3 ga Mayu, Japan ta riga ta fice. Turawa sun dawo Bama amma ba su daɗe ba, domin ƙasar ta sami mulkin kai ranar 4 ga Janairun 1948.

Barikokin soja da dama a Nijeriya sunayensu daga wannan fage aka ɗauko su: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan. A Gana ma hedkwatar sojan ƙasar a Akra sunanta Burma Camp.