Abin da ya kamata a sani kafin sayen allon kwamfuta na ofis

Ma'aikacin ofis kan shafe sa'o'i da dama a kullum yana kallon allon kwamfuta, don haka zaɓen allon da bai dace ba kan jawo gajiyar ido da ciwon wuya.

Girman allo shi kaɗai ba ya nuna ingancinsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne rubutu ya fito sarai.

Girma da yawan ɗigo

Hoton da ke kan allo ya ƙunshi ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Allo mai inci 24 da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ya wadatar wajen buga wasiƙu da aikin lissafi.

Idan allon ya kai inci 27, ya fi kyau ɗigon ya kai 2560 da 1440, domin in ba haka ba haruffa kan yi kaushi.

Allon da ake kira IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a shekarar 1996, ba ya sauya launi sosai idan an kalle shi daga gefe.

Wutar lantarki

A shekarar 2003 ne cinikin faffaɗan allo na LCD ya zarce na tsohon allo mai ƙaton baya. Sabon ya fi cin wuta kaɗan, abin da ke da muhimmanci ga ofisoshin da suka dogara da janareta ko sola.

Kafin a biya kuɗi, ya kamata a duba mahaɗar da kwamfutar ke da ita. Tsofaffi kan zo da VGA, wadda kamfanin IBM ya ɓullo da ita a 1987, sababbi kuwa da HDMI ko DisplayPort.

Idan na hannu ne, a kunna shi da farin hoto da kuma baƙi, domin a gano matattun ɗigo.

Lafiyar ido

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ba da shawarar a ajiye allo tazarar santimita 50 zuwa 100 daga ido, saman allon kuma ya kasance daidai da ido ko ƙasa kaɗan.

Saboda haka allon da ake iya ɗagawa da saukewa ya fi babban allon da ba ya motsi amfani ga ma'aikaci.