Lambar Wa Ce? Tarihin Ƙaura da Lambar Salula

A bangon shagon kawuna a Maraɗi akwai lambar salula da aka rubuta da jan fenti tun ina ƙaramin lekol. Fentin ya koɗe, an sake bi, ya sake koɗewa. Wake da gujiya yake saidawa. Rezon kamfanin da yake ciki ba ya shiga cikin shagon sosai, sai ya fito bakin ƙofa yana "alo, alo" kamar mai kiran awaki. Ran nan na ce masa, "Kawu, don me ba ku canza kamfani ku huta?" Sai ya dube ni ya ce, "In na canza, kai za ka bi mutanen Dakwaro da na Jibiya gida-gida ka gaya masu sabuwar lamba?" Ban samu amsa ba. Wannan tambaya tasa ce ta sa na shiga tonon tarihin abin, don in gane yadda aka yi lamba ta zama igiya a ƙafar mai ita, da yadda wasu ƙasashe suka kwance ta.

Da farko ma babu lamba. Lokacin da aka fara talho a Amurka, in kana son magana da wani sai ka ɗaga waya ka faɗa ma ma'aikacin tsakiya sunansa, shi kuma ya haɗa igiyarka da tasa da hannu. A 1879 cutar ƙyanda ta ɓarke a garin Lowell, sai wani likita, Moses Greeley Parker, ya ji tsoron kada ma'aikatan tsakiyar su kwanta gaba ɗaya, a kawo baƙi waɗanda ba su san sunan kowa ba. Ya ba da shawara a ba kowane gida lamba. Daga baya, a 1891, Almon Strowger ya yi rijistar na'urar da ke haɗa kira ba tare da hannun mutum ba, kuma tun daga nan lamba ta zama kwatancen hanya. Lambobin farko suna gaya ma na'ura wane gari, na biye wace unguwa, na ƙarshe wace igiya. Ashe ke nan ba don kai aka ƙirƙiro lamba ba, don na'ura ce. Har yau muna ganin sawun wannan a gida: talhon biro da ya fara da 20 41 na Maraɗi ne, 20 51 Damagaram, 20 61 Tawa.

Da salula ta zo, sai aka ɗauki tsarin nan aka ɗora mata. Hukuma ta yanka lambobi gunduwa-gunduwa ta raba ma kamfanoni, farkon lamba ya zama tambarin kamfani. Mu nan abin ya kankama a 2001, shekarar da Celtel ta fara aiki. Lambobin a lokacin shida ne. A 2006 aka maida su takwas, aka liƙa ma kowace lamba biyu a gaba: 96 ga Celtel, 93 ga SahelCom, 94 ga Telecel, 20 ga talhon gida. Shi ya sa in ka ga dattijo da lamba mai farawa da 96 96, to ka gaishe shi da ladabi, ya daɗe a harkar. Orange ta shigo a 2008 da 90.

To ku duba wani abin dariya. Celtel, wadda ɗan Sudan ɗin nan Mo Ibrahim ya kafa, an saida ta ga wani kamfanin Kuwait a 2005, ta koma Zain a 2008, sannan Bharti na Indiya ya saye a 2010 ta zama Airtel. Telecel ta zama Moov. An haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecom. Orange ta saida reshenta a 2019, ga Zamani Telecom nan. Duk wannan sauye-sauye, an canza launin fenti, an canza riguna da lemomin masu saida kati, amma lambar kowa tana nan ba ta motsa ba. Wato in kamfani ne ya canza ubangida, lambarka tana bin sa lami lafiya. In kai ne kake son canza kamfani, abin da muka tashi muka tarar shi ne ka bar lambar a ƙofa kamar takalmi a masallaci, sai dai wannan takalmin ba ka komowa ka ɗauka.

A ƙasashen da aka kwance wannan igiya, kusan ko'ina doka ce ta kwance ta. Ba abin mamaki ba ne: wane ɗan kasuwa zai buɗe ma mai sayayya ƙofar tafiya shagon maƙwabci da kansa? A Amurka an fara da lambobin kira kyauta na kamfanoni, masu farawa da 800, a 1993. Dokar sadarwa ta 1996 ta tilasta a bar mutum ya tafi da lambarsa, amma masu salula sun yi ta jan ƙafa har 24 ga Nuwamba 2003. Singafo ta riga kowa a fannin salula, a 1997. Ingila da Hong Kong suka biyo a 1999. Tarayyar Turai ta maida shi wajibi a 2002, a 2009 kuma ta ce kada aikin ya wuce yini ɗaya na aiki.

Yaya ake yinsa, tunda mun ce lamba kwatancen hanya ce? Dabarar farko irin ta mai gida ce da ya tashi ya bar saƙo wajen maƙwabci. Kira yana zuwa tsohon kamfaninka, shi kuma ya tura shi sabon wuri. Aibin wannan a fili yake, ka rabu da mutum amma har yanzu wasiƙunka ta hannunsa suke bi. Dabara ta biyu, wadda ƙasashe da yawa suka koma gare ta, ita ce a buɗe babban kundi guda a kwamfuta, a hannun wani da ba ɗaya daga cikin kamfanonin ba. Duk lambar da ta ƙaura ana rubuta ta ciki. Kafin kira ya tashi sai rezo ya leƙa kundin, ya ga inda lambar take kwana yanzu, ya miƙe can. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Sai kuma tambayar da ta fi ta na'ura muhimmanci: wajen wa za ka je ka ce za ka tashi? A Ingila an daɗe sai ka fara kiran kamfanin da za ka bari ka roƙi wata lambar izini, su kuma su zaunar da kai da daɗin baki. Faransa ta fara a 2003 da irin wannan wahalar, har a 2007 ta gyara. Yanzu kana kiran 3179 kyauta, a ba ka lambar shaidar layinka da suke kira RIO, ka miƙa ma sabon kamfani, shi zai yi sauran. Amfanin gyaran ya fito a Janairun 2012, da Free Mobile ta shigo da farashi mai rahusa. Mutane suka yi ta kwarara da lambobinsu har ma'aikatar da ke kula da ƙaurar ta cushe, tsofaffin kamfanoni kuwa dole suka sauke farashi. A ganina nan ne darajar abin take. Ko wanda bai ƙaura ba ya ci riba, don kamfaninsa ya san yanzu yana iya tafiya.

A Afirka, Afirka ta Kudu ta fara a 2006, Kenya da Gana a 2011, Senegal a 2015. Maƙwabtanmu na Najeriya sun buɗe nasu ranar 22 ga Afrilu 2013 ƙarƙashin hukumar NCC. Ka je shagon sabon kamfani da katin shaida, ka cika takarda, ka aika saƙo zuwa 3232, a ba ka sabon sim da tsohuwar lambarka. A lokacin aka kuma ce in ka ƙaura sai ka yi kwana 90 kafin ka sake. Masu kallon talabijin ɗin Najeriya ba za su manta da Saka ba, ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka saba gani a tallar Etisalat, kwatsam sai ga shi cikin rawayen kaya yana rawa a tallar MTN. Mai tallar da kansa ya ƙaura. An yi ta maganar tallar nan fiye da yadda aka yi ƙaurar kanta, don a ƙasar da layuka suka haura miliyan 100, waɗanda suka ɗauki lambarsu suka tafi ba su taka kara sun karya ba.

Me ya sa? Saboda kafin hukuma ta iso da maganinta, talaka ya riga ya haɗa nasa. Wayoyi masu cin sim biyu, irin su Tecno, sun cika kasuwa. Wanda kamfani ya ɓata ma rai ba ya tashi, kishiya yake yi masa. Ku leƙa aljihun ɗan kabu-kabu ko na ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina: layi na kira, layi na intanet, layin Najeriya, wani lokaci har da na bip kawai. Kuma akwai wani dalili da mu ɗalibai muka fi kowa sani. Kira cikin rezo ɗaya ya fi arha, don haka kafin ka danna sai ka dubi farkon lamba ka zaɓi sim ɗin da za ka kira da shi. To in lamba ta ƙaura, farkonta ya zama maƙaryaci. A Kano kana ganin 0803 ka ɗauka MTN ce, ashe mai ita ya daɗe da tashi. A Kenya kuma wani ƙulli ne daban: kuɗin mutane na cikin M-Pesa, wadda Safaricom ta buɗe a 2007. Kana iya tafiya da lambarka, amma asusun ba ya bin ka, sai mutane suka zauna.

Na ji wani abokinmu a wajen shan shayi yana cewa tunda haka ne, wannan tsari kayan Turawa ne, mu sim biyu ta ishe mu. Ban yarda da shi ba. Sim biyu ta warware matsalar farashi, ba ta warware ta kawuna ba. Shi ba arhar kira yake nema ba, so yake in an kira lambar da ke bango ta shiga. Layi na biyu ba ya yi masa wannan. Kuma lambar 2001 ba ita ce lambar yau ba. A wancan lokaci in ka canza, wahalarka ita ce ka sanar da mutum ashirin. Yau WhatsApp ɗinka a kanta yake rataye, da Facebook, da kuɗin da yayanka ke turo maka daga Aljeriya ko Legas, da takardar neman aiki da ka ajiye a wani biro shekara biyu da suka wuce kana jiran kira. In ka yar da layi ya daɗe ba ya aiki, kamfani yana iya ba wani lambar, shi ne zai riƙa samun saƙon da aka aiko maka. Nauyin da ke kan lamba ya ƙaru ninki-ninki, haƙƙin mai ita a kanta kuwa bai ƙaru da shi ba sai inda doka ta ƙara masa.

Ba na cewa ƙaura da lamba ba ta da haɗari. A ƙasashen da ake yinta ɓarayi sun koyi su yi shigar mai layi, su ɗauke lambarsa zuwa wani sim, daga nan su shiga asusunsa. Don haka ne ake neman katin shaida da saƙon tabbatarwa daga layin kansa. Kundin tsakiyar nan ma kuɗi yake ci, kuma ƙaramin kamfani da ya yi ta kururuwar a buɗe ƙofa yana iya wayar gari ya ga ta ƙofar nasa mutanen suke fita. Amma a tsarin ƙasashen duniya lambobi dukiyar ƙasa ce. Duk abin da ke bayan 227 na Nijar ne, hukumar ARCEP ce ke raba shi, kamfani aro aka ba shi. In aro ne, to tambayar wa ya fi cancanta ya riƙe lamba, kamfani ko mutumin da ya shekara goma sha biyar yana amsa ta, tambaya ce da ɗan ƙasa ke da bakin yi.

Da hutun nan na koma shagon na kwashe duk wannan labari na faɗa ma Kawu, tun daga likitan Lowell har Saka. Ya saurara yana auna wake. Da na gama sai ya ce in zan koma Yamai in biya kasuwa in sayo masa ƙaramin gwangwanin jan fenti, lambar ta fara koɗewa.