Daga 'Yan Taru zuwa 'Yan Agaji

Duk wanda ya taɓa zuwa tafsirin azumi a Auna ko Nasko ko cikin garin Kontagora ya san 'yan agaji. Su ne masu kaki, masu shimfiɗa tabarmi da gyara sahu da ɗaukar wanda ya yanke jiki ya faɗi, ba tare da albashi ba. Da yawansu ɗaliban makarantar dare ne, suna biya Ahalari ko Ishmawi bayan sun taso daga gona. Wannan haɗin karatun manya da hidimar jama'a ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma mata ne suka fara tsara shi.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta tarar da matan karkara da dubban waɗanda yaƙe-yaƙen jihadi suka kwaso ba su san ko alwala ba, bori suka sani. Matan aure ba sa iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno. Sai ta nemo dattijai mata masu mutunci a ƙauyukansu, ta naɗa kowace a matsayin jaji. Naɗin ma abin kallo ne: takan ɗora wa jaji malfa, ta ɗaure da jan ƙyalle, irin alamar da aka san Innar Gobir da ita, shugabar 'yan bori. Wannan dabara ce ta mai sanin halin mutane, domin matan sun riga sun san girman wannan hula.

Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, waɗanda ake kira 'Yan Taru, a ƙasa, tafiyar kwanaki. Suna zuwa da hatsi da zuma da tufafi, Asma'u ta rarraba wa mabuƙata. Su kuma su haddace waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi, su koma gida su koyar. Abin da ya fi burge ni shi ne karatun bai tsaya a baki ba. 'Yan Taru su ne masu jinyar marasa lafiya, masu wankan gawar mata, masu sharar masallaci, masu sasanta ma'aurata. Bayan rasuwarta a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Masarautar Kontagora kanta daga gidan nan ta fito, domin Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa ta, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, wato Asma'u gwaggonsa ce. Sai dai shi da takobi ya shigo ƙasar Kambari, kuma mutanen yankin ba su manta da harin bayi na wancan zamani ba. Karatu ya biyo baya ne a hankali, ta hannun malamai da fatake.

Kaki da fareti na zamanin ƙungiyoyi ne. Sardauna Ahmadu Bello ya kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Fityanul Islam ta biyo baya daga Kano, sai Izala a Jos a 1978. Kowace ta kafa rundunar agajinta da azuzuwan manya. 

A Jihar Neja kuwa, gadon Asma'u ya sake bayyana a Minna a 1985, lokacin da aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko. Daga nan suka shiga buɗe makarantu da asibitoci da azuzuwan matan aure, mafi yawa da gumin 'yan sa kai.