Ƙashin da Ya Tsiro a Cikin Tsoka

Tun zamanin da, masu ɗori sun san cewa idan aka daidaita karyayyen ƙashi aka ɗaure shi, da kansa yake haɗewa. Abin da ya ɓuya shi ne mai ba da umarnin wannan aiki a cikin jiki.

A shekarar 1938 wani likitan Suwidin, Gustav Levander, ya jiƙa ƙashi a barasa, ya yi wa zomaye allurar ruwan a tsoka, sai guringuntsi da ƙashi suka ɓullo a jikin wasunsu. Amma wanda ya kafa hujja shi ne Marshall Urist, likitan ƙashi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ya riƙa jiƙa guntayen ƙashi a ruwan asid har kalsiyam ɗinsu ya narke suka yi laushi, sannan ya binne su a tsokar zomaye da ɓeraye, nesa da kowane ƙashi. Cikin ƴan makonni ƙwayoyin halittar dabbar suka taru a wurin, suka zama guringuntsi, guringuntsin ya rikiɗe ƙashi, har da ɓargo. Wato mataccen ƙashi yana ɗauke da wani saƙo da rayayyen nama yake ji. Urist ya wallafa sakamakon a mujallar Science a 1965, a 1971 kuma shi da Basil Strates suka raɗa wa abin suna BMP, ma'ana furotin mai siffanta ƙashi.

Raɗa suna bai yi wuya ba, kama mai sunan ne ya ci shekaru, domin kilo-kilo na ƙashin shanu ba ya ba da abin da ya kai ƙwayar gero. Sai a 1988 John Wozney da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin ɗin, aka sami damar samar da shi a ɗakin gwaji. Ashe ma ba guda ɗaya ba ne, dangi ne.

Urist ya rasu a 2001. Shekara guda bayan haka hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da BMP-2 wajen haɗe gaɓoɓin ƙashin baya na ƙugu. Likitoci suka yi ɗoki, suka kai shi har wuya, inda ba a ba da izini ba. A 2008 hukumar ta yi gargaɗi cewa a can yakan jawo kumburi mai toshe numfashi.