Sunayen da aka so a shafe

Darasin yau na tarihi ne, kuma yana da nauyi.

Kun ji tsofaffi suna zancen yaƙin Hitila. An yi shi daga 1939 zuwa 1945. Cikin wannan yaƙi gwamnatin Jamus ta kashe Yahudawa wajen miliyan 6, har da mata da tsofaffi da jarirai. Ba sojoji ba ne, ba su yi laifin komai ba. Don asalinsu kaɗai aka kashe su.

Ku lura da yadda aka yi. Da takarda aka fara. An rubuta sunan kowa da unguwarsa. A Paris, ran 16 da 17 ga Yuli 1942, ƴan sandan Faransa suka ɗauki takardun nan suna bi gida gida. Suka kama mutum fiye da 13,000, cikinsu yara fiye da 4,000. Lokacin nan ƙasarmu ma tana hannun wannan gwamnati ta Vishi, mai bin Jamus. Yawancin waɗanda aka kama an zuba su cikin jirgin ƙasa, a taragon dabbobi, zuwa sansanin Aushwits, ƙasar Polan. Can aka kashe Yahudawa wajen miliyan ɗaya, mafi yawa da iska mai guba. Wanda aka bari don aikin tilas, sai a zana masa lamba a hannu, a daina kiran sunansa.

Ran 27 ga Janairu 1945 sojojin Rasha suka buɗe sansanin. Amma gawarwaki an ƙone su, babu kabarin da za a ziyarta. To, yaya za a tuna da su?

Da rubutu kuma. Wani lauya, Serj Klarsfeld, wanda ubansa ya mutu a Aushwits, ya bi takardun jirage ɗaya ɗaya. A 1978 ya fitar da littafi mai sunayen mutanen da aka kwashe daga Faransa, wajen 76,000. A Ƙudus akwai gidan tunawa, Yad Vashem, inda ake tara sunaye tun bayan kafa shi a 1953. Har yanzu ba a gama ba, don akwai gidajen da babu wanda ya rage balle ya faɗi sunansu.

Faransa ta daɗe ƙwarai ba ta amsa laifinta ba, sai a 1995, da bakin shugaba Jak Shirak. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 27 ga Janairu ranar tunawa. A wurare da yawa, ran nan mutane sukan tsaya su karanta sunayen da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.